Wa Ya Taɓa Ɓerayen Gwaggo?

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta yi shekara ashirin da tara a wata masana'antar ɗinki, amma ko hannun riga ba ta taɓa ɗinkawa ba. Aikinta dubawa ne. Tana zaune a ƙarshen layi ƙarƙashin wata doguwar fitila, duk rigar da teloli suka gama sai ta bi ta hannunta kafin a sa ta a leda. Za ta juya ta baibai, ta ja ɗinkin hammata, ta murza maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga ta a haske. In ta ga zare ya tsallake, sai ta goga alli a wurin ta jefa rigar a kwandon hagu. Teloli suna ce mata Sai-Na-Gani, don in ka ce mata ka gyara, amsar da za ka samu ke nan.

Da ta yi ritaya ta bar fitilar da allin a can, amma idon ya biyo ta gida. Ni shaida ce, don a ɗakin baya na gidanta na zauna shekara uku ina karatu. In na sayo sabulu sai ta shinshina. In mai gyaran famfo ya ce ya canza roba, sai ya nuna mata tsohuwar kafin ya fita. Mijinta, Allah ya jiƙansa, yakan ce ranar da ya fara zuwa wurinta sai da ta juya shi baibai ta duba ɗinkinsa. Ita kuma takan ce, "Na ga zare ya tsallake a wuri biyu, na dai yi shiru ne."

Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu ya bar mata gidan da zomaye huɗu a keji a bayan kicin. Ɓerayen masar kuwa daga baya suka zo. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ce za ta koma wurin ɗanta, ta kawo su uku a kwali. Gwaggo ta leƙa kwalin ta ce, "Ni ban yarda da dabbar da ba ta da wutsiya ba. Me take ɓoyewa?" Amma ba a yi wata biyu ba ta raɗa musu suna. Akwai Tsohuwa, mai launin toka. Akwai Mai Tabo. Akwai Sarkin Ci, wanda ko motsin leda ya ji sai ya dinga fito kamar butar shayi ta tafasa. Da su take hira da safe. Abin da ba za ta faɗa wa mutum ba, su tana faɗa musu.

Abubuwa biyu suka faru a farkon shekarar da nake ba da labari, kuma ban ɗauke su komai ba a lokacin. Na farko, ta ga mai kayan lambu yana yayyafa wa latas ruwa daga wata gora mai hoton kyankyaso a jiki. Ya rantse mata ruwa ne zalla, gorar ce kawai tsohuwa. Amma daga ranar ganye bai sake shiga kejin ɓerayen ba, sai busasshiyar ciyawa da dusa. Na biyu, wata safiya ta tarar da sakatar kejinsu a buɗe. Ta tsaya tana kallon katanga, tana kallon sakata. Kafin azahar ta kwashe su ta kai sito, ɗan ɗakin da ke da taga kamar faɗin littafi, ta sa kwaɗo, ta ɗaura makullin a bakin zani.

Bayan kamar sati shida Mai Tabo ta fara susa. Ba irin susar da aka saba ba. Sai ta dinga kartar kafaɗa da ƙafar baya har ta faɗi gefe, ta tashi ta ci gaba. Gashi ya soma zuba, fatar ta yi fari-fari tana ɓarewa kamar busasshen kunu a bakin kofi. Tsohuwa ta bi sahu. Sarkin Ci ya daina fito.

"Wani ya taɓa su," in ji Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, wa zai taɓa su, makulli na jikinki?"

"To, ke nan a abinci aka biyo."

A ƙarshen layinmu akwai wani dattijo da ke sayar da ciyawa da dusa da garin katako. Mai Ciyawa kowa ke ce masa. Shi ma yana kiwon zomaye da yawa a bayan shagonsa, kuma tun zamanin mijinta a wurinsa ake saye. Gwaggo ta ɗebi ciyawar a leda, ta ce in raka ta. Muka tarar da mutane uku a shagon. Ta zazzage ledar a kan teburinsa.

"Malam, wannan daga ina ka kawo ta?"

"Inda na saba, Mama. Lafiya?"

"Da lafiya da ba ka gan ni ba. Dabbobina suna zubar da gashi. Ka faɗa mini gaskiya, me ka fesa mata? Ko tsohuwar da ta yi ruwa ce ka shanya ka cakuɗa da sabuwa?"

Fuskar mutumin ta canza. Ya dubi masu sayen, ya dube ta. "Shekara goma sha ɗaya ina kai wa gidanki ciyawa. Nawa zomayen ita suke ci. Zo ki gan su."

"Ban ce ka ba naka irin wadda ka ba ni ba."

Ɗaya daga cikin masu sayen ya ajiye damin da ya ɗauka ya fita a hankali. Mai Ciyawa ya tattara ciyawar ya mayar mata a leda, ya ɗaure bakin, ya miƙa mini, ba ita ba.

Da muka koma gida ta ce za ta wanke musu duk abin da aka shafa musu. Ta zuba ruwan ɗumi a roba, ta kawo sabulu, ta ɗauko Mai Tabo. Ruwan yana taɓa fatar, dabbar ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta sandare, idanu suka juye, ƙafafu suna karkarwa. Gwaggo ta tsame ta da sauri ta naɗe a ɗankwalinta. Minti ɗaya ko biyu aka yi kafin jikin ya saki.

Na ce, "Mu kai ta wurin likitan dabbobi."

"Waɗannan da in ka kai musu kaza mai tari sai su ce a yi mata hoto?"

Amma ta saka takalmi.

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, tsakanin shagon gyaran waya da na wanki da guga. Benci ɗaya a waje, ciki kuma tebur na ƙarfe da sikeli da firiji ƙarami, ga warin maganin goge ƙasa. Likitar mace ce, ba ta fi shekara talatin da 'yan kai ba, siririya, mai tabarau. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta tsaya gaban takardar shaidar da ke rataye a bango ta karanta tun daga sama har hatimi.

"Babban likitan bai zo ba ne?"

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa. Ɗora ta nan mu gani."

Likita ta auna Mai Tabo, ta buɗe gashin da yatsa a hankali, ta tambayi yaushe abin ya fara. Da ta ji labarin wankan sai ta ce kada a sake, fatar a buɗe take, ruwa azaba ne a gare ta. Ta ce ga alama ƙazuwa ce, wasu ƙwari ne ƙanana da ido ba ya gani, suna haƙa rami cikin fata, ƙaiƙayinsu kuma har farfaɗiya yakan jawo.

"Ido ba ya gani," Gwaggo ta maimaita. "To ke da me kika gani?"

Likita ta yi ɗan murmushi. Ta ɗauko reza ta kankari gefen ɓawon kaɗan, ta ɗora a kan ɗan gilashi, ta ɗiga mai, ta sa ƙarƙashin madubin likita. Ta daɗe tana murza abin gefe. Sannan ta matsa ta ce, "Zo ki duba da kanki."

Gwaggo ta cire tabarau ta kafa ido ɗaya. Ta ɗago.

"Na ga wani abu zagayayye yana motsa ƙafa. Amma gilashin nan daga aljihun tebur kika ciro shi. Wa ya san abin da ke kansa tun jiya?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe. Sannan ta buɗe sabon kwalin gilasai a gabanta, ta ce ta zaɓi ɗaya da hannunta. Gwaggo ta zaɓi na tsakiya, ta goge shi da gefen mayafi, ta ɗaga a haske. Aka sa babu komai, ta duba, fari fat. Aka sake kankara, aka ɗora. Wannan karon biyu ta gani.

"To," in ji ta. "Wa ya sa musu?"

"Ba lallai wani ya sa ba, Mama. Sau da yawa suna nan a jikin dabbar tun tuni, ba sa yin komai, sai ranar da jikinta ya yi rauni. Me suke ci?"

Gwaggo ta faɗa.

"Ganye fa? Latas, tattasai mai zaƙi, ɗan kabeji?"

"Na hana."

"Tun yaushe?"

Ta faɗa.

"Waɗannan dabbobin ba kamar zomo ba ne. Akwai sinadarin da jikinsu ba ya iya yi da kansa, dole sai daga ɗanyen ganye. A ina suke kwana? An canza musu wuri kwanan nan?"

Ni na amsa. Na faɗi sito, na faɗi taga, na faɗi kwaɗo. Na ji idon Gwaggo a gefen fuskata kamar dutsen guga.

Likita ba ta ce laifin wane ne ba. Ta ɗiga wa Mai Tabo magani a bayan wuya, ta ce a kawo sauran biyun ko da ba su yi tsanani ba, za a maimaita bayan sati biyu, sannan a sake. A zubar da duk shimfiɗarsu, a wanke keji, a mayar da su inda iska da haske suke. Da muka kusa gida Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Bakinki ba shi da sakata," ta ce. Can kuma ta ƙara, "Tsaya mu sayi tattasai. Sau uku za ki wanke shi."

A zuwa na biyu ne maganar zomaye ta taso. Likita ta tambaya ko an yi musu rigakafi bana. Gwaggo ta ce mijinta bai taɓa yi ba, kuma lafiyarsu ƙalau. Likita ta ce akwai cututtuka biyu da in suka shiga unguwa ba sa jin magani: ɗaya tana kumbura idanu da fuska, ɗaya kuma sai dai ka tarar da zomo a mace, wani lokaci da jini a hanci. Sauro da ƙuda da takalmin mutum duk suna iya ɗauko su. Allura sau ɗaya a shekara ita ce kariya.

A gida Gwaggo ta ce, "Kin gani ko? Na kawo mara lafiya, yanzu masu lafiya take nema." Ta kwana uku tana juya maganar. Abin da ya sa ta yarda, a ganina, shi ne Sarkin Ci ya soma fito a rana ta huɗu. Duk da haka ta ce zomo ɗaya za a fara yi wa, namijin da ba ta cika so ba, a ga abin da zai faru.

Muka kai shi a kwando. Likita ta buɗe firiji ta ciro 'yar kwalba. Kafin ta huda, Gwaggo ta miƙa hannu.

"Mu gani."

Ta juya kwalbar kamar yadda take juya wuyan riga. Ta kai ta bakin taga. Ta sa farce a kusurwar takardar da ke manne a jiki, ta tsaya.

"Likita, wa ya manna wannan?"

"Kamfani mana."

"Inji ba ya manna abu a karkace. Kuma ki taɓa nan, ya fi nan kauri. Takarda biyu ce."

A nan na ga fuskar Likita ta rufe. Ta karɓi kwalbar ba ta duba ba, ta dubi Gwaggo. "Mama, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Wa ya turo ki? Tun ranar farko kike karanta bango, kina zaɓen gilashi. In daga hukuma kike, ki nuna mini takarda. In mai shagon maganin dabbobi na unguwar nan ne ya aiko ki, ki gaya masa ni ban tare masa hanya ba."

Gwaggo ta buɗe baki. Ina jin ba a taɓa tuhumarta da komai ba a rayuwarta.

"Ni? Ni za a turo?"

"Ban san ki ba, Mama."

"Ni ma ban san ki ba. Ɓare takardar."

Suka tsaya suna kallon juna, zomo yana tsakiya yana motsa hanci. Sannan Likita ta sa bakin almakashi ta ɗaga kusurwar. Akwai wata takarda a ƙasa. Ranar ƙarewar aikin da ke kanta ta wuce da wata bakwai.

Likita ta zauna a kan kujera. Ta ciro kwalin gaba ɗaya, suka bi kwalaben tare, Gwaggo tana taɓawa tana warewa. Huɗu daga cikin goma haka suke. Ashe wani sabon dillali ne ya kawo, da wanda ta saba saye a wurinsa ya yi tafiya. Ta kira shi a gabanmu cikin fushi, ya ce zai zo, bai kuma zo ba har yau. Ta buɗe littafinta ta nemo mutum biyu da ta riga ta yi wa zomayensu daga kwalin, ta kira su ta faɗa musu su dawo a sake. Gwaggo tana saurare. Da muka fito ta ce, "Da ta so, da ta yi shiru kan mutum biyun nan." Iyakar yabon da na taɓa ji ta yi wa wani ke nan.

Bayan kwana goma sabuwar allura ta iso daga hannun tsohon dillalin. Gwaggo ta duba kowace kwalba, sannan ta kawo zomayen huɗu gaba ɗaya. Aka ba kowanne kati. Ɗaya ya yi kasala yini guda, ta zauna gabansa a kan kujerar roba har ya tashi ya ci karas. Mai Tabo da Sarkin Ci suka warke, gashi ya fito. Tsohuwa ba ta kai ɗigon magani na uku ba. Jikinta ya riga ya ƙare. Gwaggo ta binne ta da kanta a gindin katanga, ba ta bari na taya ta ba.

Na yi mata maganar ba Mai Ciyawa haƙuri sau biyu. Ta ce ta sani. Ta ce sai ta samu ranar da babu mutane a shagon. Na ce ai a gaban mutane aka yi. Ta ce in je in yi karatuna.

Ba ta samu ranar ba har damina ta shigo, cutar zomayen da Likita ta faɗa ta biyo ta. A cikin sati biyu zomayen layinmu suka ƙare. Gidan malamin makaranta shida, gidan mai gyaran babur tara. Mai Ciyawa yana da sama da talatin, aka ce da baro ya fitar da su, saura uku da ke wani keji daban a gidan 'yarsa. Na Gwaggo huɗu suna nan suna tauna, ko atishawa babu.

Sai magana ta fara yawo. Ni na fara jin ta a wurin mai wanki da guga. Wai ai daga gidan Gwaggo abin ya fito, an ga tana ta kai dabbobi masu ƙuraje asibiti. Wai ta san abin da ke zuwa ta yi wa nata magani ta yi shiru. Wata ma cewa ta yi, matar da ke kulle ɓera da kwaɗo, Allah kaɗai ya san abin da take yi a sito. In Gwaggo ta wuce sai gaisuwa ta gajarce.

Ranar da na faɗa mata, tana yanka tattasai. Ta ajiye wuƙar.

"Da wace hujja?"

"Babu, Gwaggo."

"Ƙazuwar ɓera daban, wannan daban. Likita ta faɗa. Kowa ya zo in nuna masa kati."

"Ba wanda zai zo."

Ta daɗe tana kallon allon yanka. Sannan ta wanke hannu, ta ɗauko katunan huɗu, ta yafa mayafi. Na bi ta.

Shagon a cike yake, don masu awaki ba su daina saye ba. Ta tsaya a inda ta tsaya wancan karon.

"Malam, ciyawarka ba ta da laifi. Ni na hana su ganye, ni na kulle su a duhu. Abin da na faɗa maka a nan ban da hujja. Ka yi haƙuri." Ta ɗora katunan a kan tebur. "Wannan kuma allura ce, ba wani abu ba. Ukun da suka rage maka, kada ka dawo da su nan. Ka kai su a yi musu."

Mai Ciyawa ya ɗauki kati ɗaya da yatsa biyu. Ya juya bayansa. Ya kai shi bakin ƙofa ya duba hatimin.

"Ita likitar," ya ce, "'yar'uwarki ce?"

"Ban haɗa komai da ita ba."

"To me za ki samu in na kai?"

Gwaggo ta ja numfashi. Na ga amsoshi uku sun zo bakinta ta haɗiye su.

"Jibi da safe zan mayar da ɓerayen a duba su," ta ce. "In ka ga dama ka zo da kwando. Ka riƙe kwalbar da hannunka kafin a huda, zan nuna maka inda ake dubawa."

Ya miƙa mata katunan, ya juya wurin mai awaki.

Da ranar ta zo muka zauna a bencin asibitin tun ƙarfe takwas. An duba ɓerayen an gama kafin tara, amma Gwaggo ta ce ƙafarta na ciwo, mu ɗan huta. Wajen goma da rabi sai ga 'yar Mai Ciyawa ta sauko daga mota da kwando a rufe da tsohon labule. Ta gaishe mu a taƙaice. Ta ce Baba ya ce a yi wa biyu, a bar ɗaya tukuna.